Malam Abdulbaqi da Ayarin da Bai Isa Bilma Ba

Shekara tara cur, idan aka sallame sallar asuba a masallacin layinsu a Koki, Malam Abdulbaqi ba ya komawa ya kwanta. Yakan shiga gida ya sha koko, ya rataya wata koɗaɗɗiyar jakar fata, ya hau kekensa ya nufi Shahuci, inda yake aikin buga takardu a wani shagon intanet. Sai ƙarfe takwas ake buɗe wa jama'a, amma shi bakwai saura yake isa. Ya yi shara, ya goge kwamfutoci shida da tsumma, ya ja janareto idan babu wuta, kuma yawanci babu ita. Awa gudar nan kafin mutum na farko ya shigo, mai shagon ya bar masa ita. A cikinta yake karanta abin da muka rubuto daga garuruwan da muka watsu, sannan ya fito da wani ɗan ƙoƙo daga jakar, ya leƙa waje ya kira tsohuwar da ke suyar ƙosai a bakin shagon.

"'Yardada, zo ki zaro mana."

"Yau kuma wa za a jefa a wahala?" in ji ta, tana goge hannu a zaninta.

Daga nan sai aikin abinci: takardun neman aiki, kundin ɗalibai, katin ɗaurin aure, har la'asar. Idan ya yi salla ya sake hawa keken, amma a shekara biyar ɗin farko ba gida yake nufa ba, Ƙofar Ruwa yake tafiya, wurin wani marar lafiya da zan ba ku labarinsa.

A watan jiya ya daina wannan zirga-zirgar. Ba a yi taro ba, ba a ba shi ko takardar yabo ba, domin abin da ya yi ba aikin gwamnati ba ne, ba shi ma da suna a cikin sana'o'in da aka sani. Ni Salihu, ina cikin waɗanda suka ci moriyarsa, ina kuma cikin waɗanda suka yi masa sakaci. Shi ya sa na ga ya kamata in faɗa a gaban jama'a.

Abin ya faro ne a shekarun ƙarshe na mulkin soja, lokacin da muke zaune ba aiki, wasunmu sun gama makaranta, wasu yajin aiki ya maido su gida. Malam Abdulbaqi ya tsinci wani littafin Turanci a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai, bangonsa ya cire, har yau ba mu san sunansa ba. Littafin yana koyar da wani irin wasa ne da ake yi a zaune: mutum ɗaya ya riƙe labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya zama shi. Mai labari ya ce ga halin da kuke ciki, kowa ya faɗi abin da nasa mutumin zai yi. Idan abin mai haɗari ne, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, ita za ta nuna an dace ko ba a dace ba. Babu mai ci, babu wanda aka cinye, labari ne ake ginawa tare.

Malam ya karanta, ya zubar da dodannin Turawa da takubbansu, ya ɗauko abin da kakansa ya sha ba shi labari: ayarin fatake da ya tashi daga Kano zai je Bilma ɗauko gishiri. Muka sa wa wasan suna Ayari. Duk Asabar bayan la'asar mukan baje tabarma a zauren gidansu, mu bakwai, har a kira magariba. Ni ne jagaba, mai shiga gaba ya duba hanya. Isyaku, wani malamin firamare mai yawan dariya daga Ƙofar Ruwa, shi ya zaɓi ya zama mai haƙar rijiya. Jibrin, wanda ya fi kowa gardama, shi ne madugu. Shekara uku muna yi, ayarinmu ya wuce Damagaram.

Sai aka koma mulkin farar hula a 1999. Gari ya cika da murna, ƙofofi suka buɗe, kuma ta cikinsu muka zurare ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan'uwana ya ci zaɓe ya tafi da ni Abuja in riƙe masa takardu. Jibrin ya samu karatu a Khartoum. Wani ya tafi Legas, wani Fatakwal. Kafin shekara ta zagayo, tabarmar nan ba ta da kowa sai Malam da Isyaku, kuma mutum biyu ba sa yin ayari. Malam ya nannaɗe taswirar da ya zana, ya sa a jaka.

Da daminar 2001 motar da ta ɗauko Isyaku daga wani taron malamai ta ƙwace ta faɗa rami. Ya rayu, amma ƙashin bayansa ya karye. Daga ƙirji zuwa ƙasa ba ya ji, hannuwansa ma ba sa iya riƙe biro. Aka kwantar da shi a wani ɗaki mai taga ɗaya a gidansu. Watannin farko ana ta zuwa dubiya, daga baya ƙafa ta ɗauke, kamar yadda takan ɗauke. Matarsa Uwani ta ce min ya kai ga juya fuska bango idan an shigo, ya daina amsa sannu.

Wata rana Malam Abdulbaqi yana zaune kusa da shi, sai Isyaku ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Malam, wai a ina muka tsaya?"

"A me?"

"Ayari."

"Kwana biyu bayan Damagaram. Guzurin ruwa ya kusa ƙarewa."

"To haka za ka bar mu da ƙishirwa?"

Malam ya tafi gida da wannan tambayar. A shagon da yake aiki ya sha ganin samari suna shiga wasu dandali na intanet, inda mutum zai rubuta magana ya tafi, wani ya zo gobe ya ba shi amsa a ƙasa. Ya buɗe mana ɗaya a wani shafi da ke ba da wuri kyauta, ya bi mu da wasiƙar imel ɗaya bayan ɗaya. Farkon 2002 ayari ya sake tashi.

Wanda bai gwada ba zai ɗauka kwashe wasan kawai aka yi daga tabarma aka zuba a kwamfuta. Watanni huɗun farko kusan rushewa ya yi. A zaure, idan Malam ya ce ga ƙura ta taso daga arewa, kafin ya rufe baki mutum uku sun amsa. A dandali kuwa, ni sai ranar da na samu shiga kafe, wato shagon intanet, Jibrin sai Juma'a, na Fatakwal sai ya sauko daga aiki. Wata arangama da 'yan fashin sahara, wadda da a tabarma rabin awa za ta ci, sai da ta kwashe mako bakwai. Mutum ya ɗaga sanda a watan Safar, ba ta sauka ba sai Rabi'ul Awwal. Wasu suka fara gajiya.

Malam ya zauna ya sake ƙera wasan tun daga tushe. Ya ce kowane zagaye kwana uku ne, ranar ta huɗu da safe shi zai rubuta abin da ya faru, ko an amsa ko ba a amsa ba. Ya ce kada kowa ya sake rubuto motsi ɗaya tak. Ka faɗi abin da kake nufi, ka faɗi abin da za ka yi idan ya yiwu, da abin da za ka yi idan ya ƙi, don kada a jira ka sau uku. Faɗan da littafin ya yayyanka gunduwa-gunduwa, shi ya dunƙule shi ya zama jifa ɗaya ko biyu. Da ya ga hirar siyasa da gaishe-gaishe suna cakuɗa da labari, sai ya raba dandalin biyu: Hanya, inda ba mai magana sai da bakin mutuminsa, da Bakin Zaure, inda za ka yi barka da haihuwa ko ka zagi gwamnati son ranka. Wanda kuma ya yi mako biyu ba a ji ɗuriyarsa ba, Malam ba ya kashe masa mutum, ba ya kuma ara masa baki. Sai ya rubuta cewa zazzaɓi ya kama shi, an ɗora shi a raƙumi ana tafe da shi, duk ranar da ya dawo ya warke.

Maganar ƙwaya ce ta fi wuya. A zaure kowa yana ganin jifa da idonsa. Yanzu Malam ne kaɗai ke jefawa a Shahuci ya faɗa mana abin da ya fito. Ranar da raƙuman madugu biyu suka mutu a jere, Jibrin ya rubuto daga Khartoum: "Wa ya ga jifar? Ni ban ce an yi son kai ba, amma wa ya gani?" A makon nan kuma limamin unguwar ya tsayar da Malam bayan azahar. Lokacin gari ya ɗau zafi a kan duk abin da ya yi kama da caca.

"Malam Abdulbaqi, an ce min ana jefa ƙwaya a shagonku."

"Allah Ya gafarta Malam, ba kuɗi a ciki. Labari ne muke yi."

"Na yarda da kai. Amma ita ƙwayar, raina bai kwanta da ita ba, kuma ba kowa zai tsaya ya tambaye ka kamar yadda na tambaya ba. Ba za a iya yi da ƙuri'a ba?"

Malam ya koma gida ya tara ƙwallon dabino goma sha biyu, ya gasa ƙusa a wuta ya ɗiɗɗiga musu alama, daga ɗigo ɗaya har goma sha biyu. Mai yawa sa'a, mai kaɗan akasi. Ya zuba su a ƙoƙo, ya roƙi 'Yardada mai ƙosai ta riƙa zarowa a gaban duk wanda ke tsaye yana sayen ƙosai. Ba ta san ɗayanmu ba, ba ta karatun boko, ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba. Jibrin bai sake ƙorafi ba. Liman kuwa, da Malam ya kai masa shafi biyu ya gani, sai ga shi bayan kwana uku yana tambaya ko an samu ruwan.

Dandalin ya kawo mutanen da tabarma ba za ta taɓa kawowa ba. Sa'ida, wata malamar jinya da ke zaune a Zariya, ta yi wata biyu tana karantawa a ɓoye kafin ta rubuto tana tambaya ko mace za ta iya shiga. Wasu suka yi gunaguni a Bakin Zaure. Malam ya ba da amsa da layi ɗaya: "Ayari ba ya tafiya ba mai magani. Malama, bisimilla." Muka kai mu goma sha ɗaya.

Shi kuwa Isyaku bai taɓa ganin dandalin da idonsa ba. Kullum Malam zai buga abin da aka rubuto a takarda, ya kai masa Ƙofar Ruwa bayan la'asar, ya zauna a bakin katifa ya karanta masa, yana sauya murya ga kowane mutum. Isyaku ya faɗi amsarsa, Malam ya rubuta da biro, washegari da safe ya shigar. Ruwa ko rana, azumi ko salla. Uwani ta ce a shekara biyar, kwanakin da bai zo ba ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma duk ranar da aka yi haka tuwon Isyaku yakan kwana a kwano.

Da farko Malam ya so ya sauƙaƙa masa, ya ce zai rubuta cewa an ba mai haƙar rijiya raƙumi.

"A'a," in ji Isyaku. "Bar ni a ƙasa. Ka rubuta na taka yashi ya ƙona min tafin ƙafa."

Akwai ranar da duk wanda ya yi Ayari ba ya mantawa. A cikin labari mun baro Agadas da kwana goma, salkunan ruwa sun bushe, muka iske wata tsohuwar rijiya da yashi ya cike. Isyaku ya ce mutuminsa zai ɗaura igiya ya sauka. Da safe 'Yardada ta sa hannu a ƙoƙo, ta zaro, ta ƙirga. Biyu. Ma'anarsa bangon rijiyar ya rufto a kansa.

Ta ce ta ga fuskar Malam ta canza. Ta san labarin marar lafiyar, don ta sha ba da ƙosai a kai masa. Babu kowa a wurin, masu saye ba su fara zuwa ba. Ta rage murya ta ce, "Ɗan nan, in mayar in sake zarowa? Wa ya gani?"

Malam ya daɗe yana kallon ƙwallon a tafin hannunta. Sannan ya ce, "Iya, bar shi. Biyu ne."

Ya ce min bai taɓa jin nisan Ƙofar Ruwa kamar na ranar ba. Ya zauna ya karanta wa mutumin da mota ta danne cewa ƙasa ta danne shi. Da ya gama, ya kasa ɗaga ido, har ya faɗa masa abin da 'Yardada ta ce. Isyaku ya ce:

"Da ka sake zarowa, da na bar wasan. Malam, gidan nan kowa tausayina yake ji. Uwani tana ce min na yi ƙiba. Likita yana ce min a ƙara haƙuri za a ga canji. Kai kaɗai ka rage da ba ka yi min ƙarya. To yanzu rubuta: ina da sauran numfashi, ina buga dutse da dutse don su ji inda nake."

Mako biyar muka yi muna tono shi. Ban taɓa ganin dandalin ya cika haka ba. Na Fatakwal ya riƙa shiga kafe kullum. Jibrin ya sa madugu ya yanka raƙuminsa na hawa don a yi guga da fatar. Sa'ida ta rubuto dalla-dalla yadda za a fito da wanda ƙasa ta danne ba tare da an ƙarasa shi ba, kuma duk mun san daga ina ta san haka. Ranar ƙuri'ar ƙarshe, an ce mutum shida ne suka tsaya a kan 'Yardada, har da liman. Ta zaro tara. Uwani ta ce da Malam ya karanta masa an fito da shi da rai kuma ruwa ya ɓuɓɓugo, ta jiyo dariyar mijinta daga madafa, har ta saki ludayi ta shigo a guje, don ta manta yadda dariyarsa take.

Malam, kai ne ka yi wannan. Kai ne ka ɗauki mutumin da duniya ta gama yi wa sannu, ka mayar da shi wanda mutum goma suke jiran abin da zai ce. Madugun waɗanda ba su tashi daga inda suke ba, ka kai mu inda ƙafarmu ba ta taɓa zuwa ba, kai kuwa iyakarka Koki da Shahuci da Ƙofar Ruwa.

Isyaku ya rasu a 2007, ciwon gyambon kwanciya ya shiga jininsa. Ga inda nawa laifin yake. Lokacin ana ta hidimar zaɓe, na yi wata takwas ban leƙa dandalin ba. Malam ya aiko min da saƙo sau uku, na ce zan duba. Ranar da na shiga, na tarar da jagabana yana kwance a kan raƙumi da zazzaɓi tun watanni, ana ba shi ruwa, ba wanda ya taɓa min shi. Na yi dariya. Sannan na buɗe Bakin Zaure na ga sanarwar jana'iza, ta yi mako uku. A ƙasanta akwai saƙon da Isyaku ya sa aka rubuta kwana huɗu kafin ya cika, yana gaida kowa da sunansa. Nawa ya ce: "A gaya wa Salihu ya tashi haka nan, hanya tana buƙatar mai dubawa."

Wasu sun ba da shawara a ba wani sabon shiga mai haƙar rijiya ya ci gaba da shi. Malam ya ƙi. Ya rubuta cewa da ayari ya zo tashi daga wani zango, mai haƙar rijiya ya ce shi zai zauna ya kula da ruwan saboda masu zuwa a baya, ya raka mu har bakin tudu, ya juya. Layi biyar ne kacal. Ba wanda ya rubuta komai a Hanya har kwana tara. Uwani ta ce bayan an share makoki, sau biyu tana jin ƙarar keke ya tsaya a ƙofar gida bayan la'asar, ya ɗan jima, ya wuce ba a yi sallama ba.

Daga nan abin ya fara sanyi. Wayoyi masu intanet suka shigo, aka samu sababbin wuraren hira inda ake amsa maka nan take, ba mai haƙurin kwana uku. Mu goma muka koma bakwai, muka koma huɗu. Jibrin ya dawo Kano ya zama babban mutum, gidansa bai fi tafiyar minti ashirin zuwa Shahuci ba, amma ya daina rubutu. Masu zazzaɓi a kan raƙuma suka fi masu tafiya a ƙasa yawa. Malam bai fasa ba. Ranar huɗu da safe sai ka ga rubutunsa, a tsare, da ƙamshin Hausar da ba a cika ji ba yanzu, ko da Sa'ida kaɗai ce ta amsa. Akwai wata shida da daga shi sai ita.

A farkon bana masu shafin da ya ba mu wuri suka sanar cewa za su rufe dandalin kyauta nan da kwana talatin, kowa ya kwashe kayansa. Malam ya rubuto mana yana neman a raba aikin, kowa ya ɗauki shekara ɗaya ya kwafe. Sa'ida ta ɗauki biyu. Sauranmu muka ce to. Shi ya riƙa buɗe shafi ɗaya bayan ɗaya, da layin intanet da ke yankewa, yana kwafa yana bugawa a takarda. Ranar da aka rufe, an tsira da shekara shida. Shekara uku sun tafi, kuma a cikinsu har da wadda na ce zan kwafe. Ayarin yana saura kwana uku ya shiga Bilma.

A cikin kwanakin nan talatin ne mai shagon ya lura Malam yana manna fuska a jikin allon kwamfuta, yana buga harafi a gurbin wani, shi da ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Aka matsa masa ya je asibiti. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin sa, na hagu ya riga ya tafi, na dama saura kaɗan, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ashe ya fi shekara biyu yana gani kamar ta cikin bututu, bai gaya wa kowa ba. Ya ajiye aiki. An jingine keken a zaure.

Na je Koki makon jiya. Na same shi a kan tabarma, kusa da wani akwatin ƙarfe da aka cika da takardu, an ɗaure su kashi-kashi da zaren buhu. Ya gane muryata tun daga sallama. Na zauna, na fara jero uzurin da na shirya tun daga hanya, ya ɗaga hannu.

"Salihu, ka sha ruwa tukuna. Ya iyali?"

Bai ambaci shekarar da na ɓatar ba, ko sau ɗaya. Na tambaye shi yadda ya so ya ƙare labarin, me za mu tarar a Bilma. Ya ce bai sani ba. Na ɗauka wasa yake.

"Wallahi ban sani ba. Ni hanya nake shimfiɗawa, ku ne kuke tafiya. Da na san ƙarshen, ai da na rubuta littafi na huta."

Na tambaye shi ko yana da-na-sani, shekara tara a kan abin da rabin unguwa ke ɗauka shiririta ce. Ya shafa murfin akwatin ya ce abu ɗaya ne ke damunsa: takardun nan tawadar firinta ce, tana koɗewa, na shekarar farko har sun fara yin fari, ga gara a ɗakin. Maganar Isyaku tana ciki, kalma da kalma, kuma 'ya'yansa biyu sun girma ba su san irin bakin ubansu ba.

Jama'a, ga dalilin wannan rubutu. Sa'ida tana zuwa daga Zariya duk ƙarshen wata, ta ɗauki ƙulli ɗaya ta sake bugawa a kwamfutarta. Ita kaɗai ba za ta gama ba kafin tawada ta gama tafiya. Duk wanda ya taɓa zama a wannan ayari, ya san gidan. Na ɗauko ƙulli biyu, kuma wannan karon na faɗa a bainar jama'a don a tambaye ni. Wanda kuma bai taɓa jin labarin Ayari ba, ya duba unguwarsu. Akwai wani a kwance a ɗaki mai taga ɗaya wanda aka daina zuwa dubawa. Ba sai ka iya tsara wasa ba. Ka nemi abin da za ku riƙa yi tare wanda zai sa ya jira gobe, ka kuma riƙa zuwa bayan kowa ya gaji.

Malam Abdulbaqi, mun gode. Na gode a madadin waɗanda suka tafi da waɗanda kunya ta hana su zuwa. Allah Ya saka maka da alheri, Ya tsare maka hasken da ya rage, Ya jiƙan Isyaku, Ya sa ka tarar da kowace tafiya da ka yi zuwa Ƙofar Ruwa a mizaninka.

Da zan tafi na gaya masa zan rubuta wannan a buga a jarida. Ya yi murmushi, ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin muryata, ya ɗan kauce kaɗan.

"To madalla," ya ce. "Amma wa zai karanta min?"

Ni ne, Malam. Ranar Asabar bayan la'asar, in Allah Ya kai mu, ina nan tafe da ita a hannuna.